Wanda Ya Cinye Hantar Gada

Mutanen Gidan Maiwada sun daɗe da yanke cewa dila ya ƙare a ƙasarsu. Ba wanda ya bi daji ya duba, ba wanda ya ga gawar na ƙarshe. Wani dattijo ne dai ya faɗa wata rana a gindin tsamiya, na kusa da shi ya gyaɗa kai, shi ke nan magana ta zauna. Hujjarsu ita ce an sare daji an shuka masara da auduga da waken suya tun daga Dayi har Danja, to ina dila zai sa kansa? Shi dilan kuwa ba wanda ya nemi jin ta bakinsa.

Ƙauyen na Maguzawa ne, gidaje warwatse a bakin wata fadama da rake ya cika ta maƙil. In an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai maza su koma farauta, amma ba mai ɗaga bindiga sai an buɗe dawa. A al'adar garin, Sarkin Dawa ke yin harbin farko, kuma naman da ya faɗi ran nan a gabansa ake ajiye shi ba a taɓa ba. Shi zai farke cikin da hannunsa, ya ciro hanta, ya juya ta ya sake juyawa, sannan ya gaya wa jama'a yadda damina mai zuwa za ta kasance. Yadda aka yi hantar gada ta san labarin ruwan sama, wannan ba a taɓa bayyana shi ba. In an yi ruwa a ce Sarki ya faɗa, in ba a yi ba a ce mutane ne suka ɓata.

Sarkin Dawan lokacin shi ne Maitama, dogon tsoho mai murya kamar ana buga turmi. Labo kuwa surukinsa ne, mijin 'yarsa Mero. Labo shi ma gemu ya fara fari, har da jikoki, amma har yau in ya hango Maitama a hanya sai ya ratse ya cire takalmi ya durƙusa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Abin da Labo ke taƙama da shi a duniya ba gona ba ce, ba bindiga ba ce, karyarsa ce Kyalla, ja mai farin goshi. Tana 'yar kwikwiya ya tsince ta a bayan tashar Dayi, ya sako ta a aljihun riga, ta yi masa fitsari a hanya, tun daga nan suka shaƙu. Mero takan ce da karyar na iya tuƙa tuwo da tuni ita Mero an sallame ta.

Ranar buɗar dawa aka fara aika wa mai unguwa ya sanar, don a zamanin nan in mata suka ji ƙarar bindiga ba shiri, surar yara suke yi su faɗa cikin kara. Maza suka fita da sanyin safiya, Maitama a gaba, sauran a baya da karnuka. Ba su yi nisa ba gada ta tashi daga wata gona da aka girbe. Maitama ya ɗaga bindigarsa, tsohuwar harba-ruga da ya gada wurin ubansa. Ta yi wani tsaki, tsss, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta ce dum! Gada ta yi sama, ta faɗi, ta tashi tana jan ƙafar baya, ta shige cikin rake. Kyalla ta rufa mata baya.

Maza ba su bi ta cikin raken ba, don ganyensa yanka yake yi, mai gonar kuma baki gare shi. Suka zagaya ta bakin kwari, suna tafe suna jiran Maitama, tunda ba a wuce Sarki. Ko da suka isa ɗaya gefen, ga gada nan kwance a wani fili. An farke cikin, hanji a waje, hanta kuwa ko ɗigo babu. Kyalla na tsaye a kanta, baki jina-jina, kunne a yage, tana kaɗa wutsiya kamar mai jiran tukuici.

Iliya ne ya fara magana, shi da yake taubashin Maitama ne, bakinsa ba linzami.

"To, Sarki, bana an riga ka dubawa. Sai ka tambayi karyar surukinka ko za a yi ruwa."

Wasu suka ƙyalƙyale, suka ga fuskar Maitama, suka haɗiye sauran. Tsohon ya daɗe yana kallon cikin gadar. Sannan ya ce doka dai kowa ya san ta: karen da ya ci naman buɗar dawa ba ya zama cikin maharba. Ranar kasuwar Danja mai sayen karnuka zai biyo ta nan da babur ɗinsa, a ba shi ita.

Kowa ya san mutumin, kowa ya san kejin ƙarfen da ke ɗaure a bayan babur ɗin, kowa kuma ya san karnukan da ke shiga kejin nan a tukunya suke ƙarewa.

Labo ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ko dai... ko dila ne?"

Dariyar da aka haɗiye ɗazu ta dawo da ƙarfinta.

"Dila!" in ji Maitama. "Ɗan nan, dila a ina? Cikin tumatirin Danja? Ko da akwai shi ma, dila matsoraci ne, mushe yake ci. In ya ji ƙarar bindiga wuni yake yi yana gudu."

"Ranka ya daɗe, kunnenta..."

"Ganyen rake ne. Tashi."

Labo ya tashi, ya jawo Kyalla gida, ya ɗaure ta a jikin turken akuya. Mero na ɓarar gyaɗa ya ba ta labari. Ta ajiye ƙwaryar.

"Wannan karyar? Wadda in na ajiye mata ƙanzo sai ta zauna tana kallona har in ce ci?"

"To je ki gaya wa Baba."

"Ni zan je in ce masa ya yi kuskure a gaban maza? Ka taɓa jin ranar da Baba ya yi kuskure? Kai ne maharbi, maigida. Ka ce dila ne, kawo dilan."

Washegari Labo ya hau bayan ɗan acaɓa ya tafi Dayi wurin Alhaji Awaisu mahauci, wanda ya saba sayen bunsurunsa kowace shekara.

"A'a, Labo! Yau kuma maharbi ke neman kayan ciki a teburin mahauci? Daji ya rufe ne?"

"Baƙo zan yi, Alhaji."

"Wane irin baƙo ne ba za a yanka masa kaza ba?"

"Dila."

Alhaji Awaisu ya ajiye wuƙa ya dube shi da kyau, ya ga ba giya ba ce ke magana. Ya tattara huhu da guntayen hanji ya ƙulle masa a leda. "Ɗauka, Allah ya kawo baƙon lafiya. In ya zo ka gaishe shi, ka ce rabona da danginsa tun ina yaro."

Labo ya fara kwanton ɓauna. Kullum kafin rana ta ɗago yana bakin fadama, ya ajiye kayan cikin a fili, ya shige ƙarƙashin wata sabara ya kwanta rub da ciki. Baƙi kam sun zo. Ƙudaje suka fara zuwa, sai shirwa ta sauko ta ɗauki rabonta, sai kyanwar wani gida da ya sani sarai ta zo ta ci ta lashe baki tana kallonsa. Cinnaku kuwa ba su kula naman ba, wandon Labo suka shiga. Dila ko inuwarsa.

Ana cikin haka Maitama ya sake harbin gada, aka sake tarar da ita a farke, ba hanta. Mero ta ce to ga shi, karya na ɗaure a gida, kowa na wucewa yana ganinta. Aka ce ai karen da ya ɗanɗani hanta kwance igiya ba ya yi masa wuya. Ta ce to wa ya sake ɗaure ta? Aka ce mata ba sa shiga maganar farauta.

Ana gobe kasuwar Danja, Labo ya kwanta a ƙarƙashin sabarar ba don yana sa rai ba, sai don ba ya iya zama a gida Kyalla na kallonsa. Kayan cikin sun yi warin da shi kansa da ƙyar yake shaƙar numfashi. Can nesa ya ji tau! Bindigar Iliya ce, ya san muryarta. Rake bai motsa ba. Jim kaɗan wata ta amsa daga yamma, ta wani saurayi. Shiru. Labo ya fara gyangyaɗi. Sai ya ji, daga wajen kwari, tsss... dum!

Raken da ke gabansa ya yi motsi.

Suka fito su biyu, namiji da mace, launin toka da ƙasa-ƙasa, kunnuwa a tsaye, wutsiya buzu-buzu. Namijin hancinsa a kumbure, da sawun haƙori a kai, kuma Labo ya san mai haƙorin. Suka wuce kayan cikin Alhaji Awaisu ko shinshinawa ba su yi ba, suka miƙe wajen da ƙarar ta fito, ba gudu ba, sauri-sauri dai, irin na ma'aikatan da aka kaɗa wa ƙararrawar cin abinci.

Labo ya bi su a sunkuye, yana laɓewa a bayan kunyoyi. A gefen kwari ya ga gadar. Tana tafe tana jan ƙafar baya, tana tsayawa tana haki. Macen dila ta sha gabanta, tana kai gwauro tana kai mari, kamar wasa take yi, gada ta zuba mata ido. Namijin ya zagayo ta baya a hankali, ya yi tsalle guda ya kama maƙogwaro. Gadar ta yi ƙara sau ɗaya, ƙafafun suka yi shure-shure, suka lafa. Labo maharbi ne, ya kashe gada ba adadi, amma sai da ya kau da kai. Kafin ya juyo sun farke cikin, sun ciro hanta, sun raba. Macen ta ƙara yagar tsoka ta riƙe a baki, suka koma cikin rake ta wata hanya da ko zomo sai ya sunkuya. Daga nesa Labo ya fara jin muryar Maitama yana tafe yana ba yara umarni. Ya sulale ya gudu, don in aka same shi a kan gadar cewa za a yi shi ma ya koyi cin hanta.

A hanyar gida ya haɗa zancen. Shi da Iliya in sun harba, nama a nan yake faɗuwa, mai shi na tsaye a kai, dila ba shi da rabo. Bindigar Maitama kuwa sai ta yi tsaki tukuna. Tsakanin tsakin nan da tashin harsashi gada ta riga ta zabura, sai a same ta a cinya, ta ja jiki ta shiga rake, shi kuma tsohon kafin ya iso an yi abin da za a yi. Shekara nawa ana cewa naman Sarki in ya ɓace dawa ce ta karɓi rabonta? Ashe dawar ƙafa huɗu gare ta da wutsiya.

Da ya gaya wa Mero, dariya ta kayar da ita daga kan kujera. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba.

"Wayyo ni! Ashe Baba kiwon dila yake yi bai sani ba!"

"Ki yi a hankali, katanga ba ta da tsawo."

"Wasu na kiwon tumaki, wasu na kiwon zabi..."

"Mero, gobe kasuwa."

Ta share ido, ta dubi Kyalla da ke kwance ta ɗora haɓa kan ƙafafunta, dariyar ta tsaya. Labo ya zauna a bakin rumbu. Abin da ya gani ya gani, amma da wane baki zai faɗa? Ya durƙusa gaban surukinsa, Sarkin Dawa, a gaban maza, ya ce ranka ya daɗe, harbinka ba ya kisa, diloli ma sun gane? Ko bayan ransa jikokinsa ba za su wanke wannan ba. Kuma ko ya faɗa, wa zai yarda? Mai karya ne, dole ya ce dila. In kuwa ya roƙi tsohon ya harba don a gwada, zai tambaye shi me ya sa sai tasa bindigar, ga ta kowa nan.

"Baba ba a sa shi abu," in ji Mero, ta jawo ƙwaryar gyaɗarta, kamar da gyaɗar take magana. "Ko ruwa ka ce ya sha, ya fasa jin ƙishi ke nan. Abu ɗaya ne na san ba ya iya gani ya yi shiru. Muna yara ya taɓa tashi daga jinya, zazzaɓi na kaɗa shi, don ya hango wani yana ɗura bindiga ba daidai ba."

Labo ya ɗago kai. Ya gane inda ta dosa, ya kuma gane abin da zai ci masa. Shekara da shekaru in ana lissafa masu hannu a ƙauyen, sunansa ke biyo na Iliya. Ya dubi bindigarsa da ke jingine, ya dubi karyarsa. Kyalla ta buga wutsiya a ƙasa.

Da sassafe mai sayen karnuka ya iso, babur na tari, keji a baya da wasu karnuka biyu a ciki sun yi zuru-zuru. Maza suka taru a gindin tsamiya. Maitama ya fito da bindigarsa a kafaɗa, don ko bayan gida ba ya zuwa ba ita. Labo ya jawo Kyalla, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, alfarma guda nake roƙo. A zo bakin fadama. In aka harba bindiga dila zai fito. In bai fito ba, ni da hannuna zan sa ta a keji."

"In aka harba bindiga dila zai fito," Maitama ya maimaita, yana duban jama'a. "Kun ji ko? A da gudu yake yi, yanzu gaisuwa yake zuwa."

"Mu je mana, Sarki," in ji Iliya. "Ba kullum ake samun kallo ba a biya ba. In dila bai fito ba ai mun ga mahaukaci."

Mai sayen karnuka ya ce shi fa kasuwa za shi, a ba shi kaya ya wuce. Ya kama igiyar Kyalla. Mero, da ba wanda ya ga fitowarta, ta kama ɗaya gefen.

"Riƙe naka, bawan Allah, in riƙe nawa, har su dawo."

Maza suka gangara fadama. Labo ya zaunar da su bayan wani tarin ɓawon rake da masu mazarƙwaila suka matse suka zubar, inda iska ke busowa daga raken zuwa gare su, ya roƙi kowa ya yi shiru. Shirun dattawa kuwa sai wanda ya gani: wannan na tari, wancan na shaƙar taba yana atishawa, wani na tambayar me aka ce. Da ƙyar aka samu suka lafa.

Labo ya tashi ya fara ɗuri a inda Maitama zai gani sosai. Ya ɗebi albarushi ɗan mitsitsi, kamar mai sa gishiri a kunun jariri. Ya tura tsumma sako-sako, ya ɗan taɓa shi da sandar ɗuri sau ɗaya kamar yana jin tausayinsa. Ta gefen ido ya ga gashin bakin tsohon ya fara rawa. Ya ɗaga bindiga sama ya ja kunama.

Fus.

Hayaƙi ya ɗan leƙo daga bakin bindigar ya koma. Harsashin ya gangaro ya faɗi kusa da babban yatsan Labo.

Dattawa suka toshe baki da hula, kafaɗu na rawa. Iliya ya kwanta a kan ɓawon rake yana shure-shure ba sauti. Rake bai motsa ba.

"A yi haƙuri, in sake," ya ce da raɗa.

Ya sake. Wannan karon har ya zubar da rabin albarushin a ƙasa, ya riƙe sandar ɗuri ta kai. Bindigar ko fus ɗin kirki ba ta yi ba, wani ɗan huci ta yi irin na tsohuwar akuya.

"Kai!" Maitama ya miƙe tsaye, ya manta da maganar shiru. "Wa ya koya maka ɗuri? A wannan hannun na ba da 'yata? Shekarun nan duk da me kake ciyar da ita, da tusa? Kauce!"

Ya sauke tasa daga kafaɗa. Ya zuba albarushi cikin tafin hannu ya nuna wa kowa yawansa, ya ɗura, ya danna tsumma, ya yi ta kirɓa shi da sanda yana bayani, haka ubansa ya koya masa, haka kakansa ya koya wa ubansa, yaran yanzu ba abin da suka iya sai danna waya. Ya saita sama, ya ce kowa ya buɗe kunne ya ji yadda bindiga ke magana.

Tsss... dum!

Tsuntsaye suka tashi daga fadama. Hayaƙi ya turnuƙe, ya washe. Maitama ya koma ya zauna yana huci, ya buɗe baki zai ce to ina dilan, sai Iliya ya damƙe masa gwiwa.

Raken ya buɗe. Namijin ne a gaba da kumburarren hancinsa, macen na biye, a bayansu kuma ga 'ya'ya uku da suka fara tasawa, suna tuntuɓe da juna. Suka fito fili, hanci a sama, suna neman gadar da ke jan ƙafa. Suka zagaya nan, suka zagaya can, babu. Sai namijin ya zauna a kan gindinsa, ya fuskanci inda hayaƙin ya tashi, ya karkata kai, kamar mai cewa to, mun zo, ina abincin?

Ba wanda ya yi tari. Mai atishawa ma ta maƙale masa.

"Sarki," in ji Iliya da raɗa, "iyalinka sun zo karin kumallo. Ni shekara nawa ina harbi a fadamar nan, ko ɓera bai taɓa fitowa ya gaishe ni ba. Me kake ba su haka?"

Labo ya kafa ido a ƙasa. Ba wawa a wurin, kowa ya gane abin da ake ba su, tsohon ma ya gane. In kunya ta juye ta zama fushi, Maitama na iya cewa dila daban, hanta daban, a ba da karya. Ba kuma mai tayar masa da magana.

Wani saurayi ya ɗaga bindiga a hankali yana saitin namijin. Maitama ya kai hannu ya danne bakinta ƙasa.

"Kul."

Motsin ya isa. Diloli suka juya, kafin ƙiftawar ido rake ya haɗiye su. Maitama ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara hula a tsanake. Sannan ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani da idonku. Kowa a nan yana da bindiga, kowa yana harbi. Wa suka taɓa fitowa domin sa? Naman dawa ya san muryar sarkinsa. Ni na daɗe da sanin suna nan, ban faɗa ba ne don kada yara su dame su."

"Ashe!" in ji dattawan, har da wanda ya fara cewa dila ya ƙare. "Ashe, ashe!"

"Hantar buɗar dawa kuwa ta je inda ya kamata. Dawa ta aiko an karɓa hannu da hannu. Bana ruwa sai kun gaji da shi."

"In ba a yi ba fa?" in ji Iliya.

"Sai ka shiga raken ka kai ƙara." Ya juya wajen Labo, wanda har yanzu ke durƙushe. Ya daɗe yana kallonsa, ya dubi albarushin da ya zube a ƙasa, ya sake dubansa. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne shi. "Kai kuma, je ka kwance karyarka. Kare da ya tsaya wa naman Sarki shi kaɗai har aka yaga masa kunne ba na keji ba ne. Gobe ka zo da bindigar nan taka in koya maka ɗuri, kada ka kashe mini 'ya da yunwa."

"Godiya nake, ranka ya daɗe."

Labo bai san ya iya gudu haka ba sai ran nan. A gindin tsamiya ya tarar da su yadda ya bar su, mai sayen karnuka na ja, Mero na ja, Kyalla a tsakiya ta zauna tana sosa kunne. Mero ta dubi fuskarsa kawai ta saki igiyar, mutumin ya yi baya taga-taga ya faɗa kan babur ɗinsa. Labo ya kwance ƙullin, karyar ta dafe ƙirjinsa tana lasar gemunsa. Mai sayen karnuka ya tashi yana mita an ɓata masa safiya, ya tada babur, har ya fara tafiya ya tsaya ya waiwayo ya tambaya ko su dilolin na sayarwa ne. Mero ta ce ya je ya tambayi mai su.

Kafin azahar labarin ya kai Dayi, sai dai ba labarin dila ne ya fi tafiya ba. Da Labo ya je kasuwa bayan kwana biyu, tun daga nesa Alhaji Awaisu ya ɗaga wuƙa yana kira, "Fus! Labo Fus! Ina baƙon namu?" Sunan ya bi shi, har jikokinsa sukan faɗa in sun ga ya ba da baya.

Koyon ɗuri kuwa ba a fasa ba. Kowace safiya har ƙarshen farautar bana Labo na durƙushe a ƙofar gidan surukinsa, ba takalmi, tsohon na nuna masa yadda ake auna albarushi a tafin hannu, abin da Labo ya iya tun bai fara aske gemu ba. Shi dai sai "to, ranka ya daɗe," sai "na gane, ranka ya daɗe." Kyalla na kwance a inuwar zaure da yagaggen kunnenta, wani lokaci Maitama ya jefa mata ƙashi in ya ɗauka ba mai kallo.